Tallafin karatu da koyarwa a waje: tun daga aji uku ake fara nema

Daga watan Agusta zuwa Fabrairu ake buɗe mafi yawan guraben tallafin karatu da na koyarwa a ƙasashen waje, kuma kowace shekara ɗaliban jami'o'in Arewa da yawa sai an rufe suke jin labari. Wanda ya ji da wuri kuwa, sai ka tarar ba shi da fasfo, ko takardar cikakken sakamakonsa tana maƙale a ofishin jarrabawa, ko sunan da ke kan takardarsa ta WAEC ya saɓa da na katin NIN. A ganina yawancin waɗanda ke rasa waɗannan guraben ba sa ma kaiwa inda za a gwada ƙwaƙwalwarsu. Tun a wajen takardu da lissafin lokaci suke zubewa. Wannan ciwo ne da jami'o'i da gwamnatocin jihohi za su iya magancewa da kuɗi kaɗan, in sun ga dama.

Karatun da za a fara a Satumba ko Oktoba, kusan shekara guda kafin nan ake rufe karɓar takardunsa. Chevening ta gwamnatin Birtaniya kan buɗe a Agusta, ta rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Shirye-shiryen Erasmus Mundus na Tarayyar Turai galibi tsakanin Oktoba ne da Janairu. Stipendium Hungaricum na ƙasar Hungary yana rufewa a tsakiyar Janairu, tallafin gwamnatin Turkiyya kuma ana cike shi daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Ke nan wanda ya ce bari ya gama hidimar ƙasa tukuna, ya bar zagaye biyu sun wuce shi, na shekararsa ta ƙarshe da na shekarar hidima. Ga kalandar jami'o'inmu ba ta tafiya da ta kowa. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya kuma birkita zangunan da suka biyo baya. Shekaru kuma ba sa jira: Turkiyya ba ta karɓar wanda ya kai 30 a digiri na biyu, DAAD ta Jamus kuma kan so kada digirin mutum ya wuce shekara shida da kammalawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harka ranar tafiyar ita ce ranar da aka liƙa sanarwa.

Kuskure na biyu shi ne neman abin da ba a tanadar wa mutum ba. Sunan Chevening ya fi kowanne tashe, don haka kowa can yake rugawa, alhali tana buƙatar gogewar aiki ta awa 2,800, wato kimanin shekara biyu. Shirin DAAD na kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma shekara biyu na aiki yake nema bayan digirin farko. Shirin Mandela Washington na gwamnatin Amurka na masu shekara 25 zuwa 35 ne, mako shida ake yi, ba digiri ba ne. Tallafin Fulbright na Amurka na ɗalibai kuwa, a Najeriya ya fi karkata ga waɗanda ke tsakiyar binciken digiri na uku. Sabon mai digiri ya fi dacewa ya duba Erasmus Mundus, inda ake biyan kuɗin makaranta, a ba da Yuro 1,400 kowane wata har zuwa wata 24, a yi karatun a ƙasashe aƙalla biyu. Ya duba Commonwealth Shared, wanda ake nema ta hannun jami'o'in Birtaniya, da na Turkiyya, da na Hungary, da na gidauniyar Mastercard. Masu kimiyya da injiniya su duba jami'ar KAUST da ke Thuwal a Saudiyya, wadda ke ɗaukar nauyin waɗanda ta karɓa a digiri na biyu da na uku.

Wannan ba ya nufin a manta da Chevening. Aikin wucin gadi da na sa-kai duk suna shiga lissafinta. Awa 35 a mako, sau mako 40, ya ba da awa 1,400, rabin abin da ake nema ke nan. Ɗan hidimar ƙasa da aka tura koyarwa a sakandare, ya tsaya ya yi aikin da gaske, ya karɓi wasiƙa daga shugaban makarantar mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa da aikin da ya yi, ya riga ya ci rabin hanya. Wanda ya haɗa baki da wurin aikinsa ana sa masa hannu a ƙarshen wata yana gida, ba shi da abin da zai rubuta in an tambaye shi me ya taɓa jagoranta.

Akwai wata ƙofa da ta fi kusa da mu, amma ita aka fi sakaci da ita. Shirin Fulbright, wanda aka kafa a 1946, yana da reshe tun 1968 da ake kira FLTA, mai ɗaukar matasan malamai su je jami'o'in Amurka su koyar da harshensu na tsawon shekarar karatu guda. Hausa na cikin harsunan da ake ɗauka daga Najeriya, tare da Yarbanci. Aikin bai wuce awa 20 a mako ba, kuma malamin yana ɗaukar kwas biyu kowane zango. Ana biyan kuɗin jirgi da inshorar lafiya da alawus na wata. Ba a ba da digiri a ƙarshe, ba a tafiya da iyali, kuma bizar J-1 ce, mai sharaɗin mutum ya koma ƙasarsa ya yi shekara biyu kafin ya nemi bizar aiki ko ta zama a Amurka. An fi son malaman Turanci ko masu shirin zama malamai, tare da sakamakon jarrabawar Turanci, kimanin 6.0 a IELTS ko makamancinsa a TOEFL.

Inda ake samun matsala shi ne, jin Hausa daban, koyar da ita daban. Ɗalibi Ba'amurke zai ɗaga hannu a mako na biyu ya tambayi dalilin da ya sa ake cewa mota ta zo amma jirgi ya zo. Zai tambayi yaushe ake cewa sun tafi, yaushe ake cewa suka tafi. Zai so a nuna masa a allo abin da ya raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, tunda rubutunsu ɗaya ne. Wanda bai taɓa zama ajin nahawu ba, bai san karin sauti da tsawon wasali ba, abin da zai iya cewa kawai shi ne haka muke faɗa, kuma wannan ba amsa ba ce ga wanda ya biya kuɗin makaranta. Masu tantancewa sun san haka, shi ya sa ya kamata mai nema ya shirya bayanin yadda zai tsara darasi. A jami'o'inmu sai a samu mai digirin Turanci da bai iya ƙa'idojin rubutun Hausa ba, ba ya bambanta k da ƙ a takarda, a gefe guda kuma ga mai digirin Hausa da ya san nahawu ciki da bai amma makinsa na Turanci bai kai ba. Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo duk suna da sassan biyu a harabar guda. Ajin mako shida na haɗin gwiwa a shekara, wannan ya gyara wa wancan, zai fitar da 'yan takarar da ba za a iya ture su ba. Ana koyar da Hausa a Hamburg da Warsaw da INALCO ta birnin Paris da jami'ar koyon harsunan waje ta Beijing, amma waɗannan jefi-jefi suke ɗaukar malami, kuma mai babban digiri suke so. Shekarar FLTA na daga cikin abubuwan da ke share wa mutum hanyar zuwa can.

Hanya ta biyu ta koyarwa ita ce ta mataimakin malami a jami'o'in Amurka da Kanada. A nan sashen da mutum zai yi karatu ne ke ɗaukarsa aiki: ya kula da ɗakin gwaje-gwaje, ya duba takardun 'yan ajin farko, ya jagoranci ƙaramin aji, yawanci awa 20 a mako. A Amurka sakamakon shi ne a yafe masa kuɗin makaranta, a kuma biya shi albashin da zai ci ya biya haya. Abin da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba shi ne, a Amurka ana iya shiga digiri na uku kai tsaye da digirin farko, kuma kuɗin ya fi yawa a can fiye da a digiri na biyu. Ana rufe neman yawancin waɗannan guraben a Disamba ko Janairu. Akwai kuɗin cike takarda, amma sassa da dama kan yafe in an rubuto an roƙa da wuri. Tarkon da ke nan shi ne takardar samun gurbi marar kuɗi. Mutum ya ga an taya shi murna, dangi su yi ta barka, sai an karanta zuwa ƙasa a ga ba a ambaci tallafi ba, ko an ba da kashi 30 cikin ɗari an bar masa sauran. Gurbi daban, kuɗi daban, kuma kowanne da takardarsa.

Dole kuma a faɗi gaskiya kan Amurka a wannan lokaci. A Yunin 2025 an sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana 'yan ƙasarsu shiga. A Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya, ta wata uku. A Disamba aka faɗaɗa jerin, Nijar ta shiga sahun waɗanda aka hana baki ɗaya, Najeriya kuma aka taƙaita mata wasu nau'o'in biza har da na ɗalibai da na musaya. Irin waɗannan dokoki kan canza da canjin siyasa, don haka kafin a kashe ko sisi a kan Amurka, a duba halin da ake ciki a shafin ofishin jakadanci, kuma kada a rataya buri duka a ƙasa ɗaya.

Sai batun dillalai masu tallan aikin koyar da Turanci a Asiya. Shirin EPIK na Koriya ta Kudu galibi 'yan ƙasashe bakwai yake ɗauka, kuma a Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki. Duk wanda ya ce zai sama wa mai fasfon Najeriya gurbi a can in an biya shi, kuɗin yake so. Haka nan shaidar ƙwarewar koyarwa ta Ingila, wadda aka buɗe wa malaman Najeriya da Ghana a 2023 a fannonin lissafi da kimiyya da harsuna: tana buƙatar rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta Najeriya, da gogewar aiki, kuma samunta ba aiki ba ne, ba biza ba ce. Chevening da Fulbright da Commonwealth da tallafin Turkiyya duk kyauta ake cike su, mutum da kansa, a shafinsu.

Yanzu ga takardun, inda mafi yawan ɓarnar take. Suna shi ne na farko. Muhammad a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muh'd a jami'a. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a wuri ɗaya, ya sa na kakansa a wani. Ranar haihuwa 1 ga Janairu a katin NIN, wata daban a takardar haihuwa. A gida wannan ba komai ba ne, kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba takardu dubu a wata ƙasa bai sani ba, kuma ba zai kira ka ya tambaya ba. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, sannan a daidaita NIN kafin a nemi fasfo, domin daga NIN ake ɗauko bayanan fasfo. Aikin watanni ne, kuma a aji uku ya kamata a yi shi. Fasfon kansa, tun Satumban 2025, Naira 100,000 ne mai shafi 32, ɗan hidimar ƙasa kuwa 77,000 yake karɓa a wata.

Takardar cikakken sakamako ita ce babbar ƙaya. Ita ce ke nuna kowane kwas da makinsa daga ajin farko zuwa na ƙarshe. Wasu shirye-shirye kan karɓi kwafin ɗalibi a zagayen farko, amma hukumomin tantance takardu irin su WES sai jami'a ta aika musu kai tsaye. A nan ne ake gano cewa sakamakon wani kwas na aji biyu bai taɓa isa ofishin jarrabawa ba, ko an gyara maki a sashe ba a gyara a babban kundi ba, malamin da ya koyar kuma ya yi ritaya. Ɗalibin aji uku zai iya bin sawun wannan cikin kwana biyu yana harabar. Wanda ya gama ya tafi hidima a Ebonyi, sai ya yi tafiya uku. Wasu ƙasashe kuma sai an kai takardun Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja an buga musu hatimi.

Jarrabawar Turanci ba kowa ke buƙatarta ba, kuma sanin hakan na tsare kuɗi. Jami'o'in Birtaniya da dama na karɓar C6 a Turancin WAEC, wasu na Turai kuma na karɓar wasiƙar da ke shaida cewa da Turanci aka yi digiri. In dole ne, a tuna sakamakon IELTS da TOEFL shekara biyu yake aiki, don haka yin ta da wuri sosai asara ce, kuma yawancin kwasa-kwasan digiri na biyu 6.5 suke nema. Ɓangaren rubutu ne ya fi kayar da mutane, saboda an saba da haddace dogayen kalmomi, su kuma masu dubawa hujja a jere suke nema.

Wasiƙar shaida kuma, kowa farfesa yake nema, ko da farfesan bai san fuskarsa ba. Sakamakon shi ne layi huɗu: ɗalibi ne mai ladabi da ƙwazo. Ƙaramin malamin da ya duba kundin bincikenka, wanda zai iya rubuta cewa kai ka tattara samfurin ruwa daga rijiyoyi kaza, ka gano kuskuren na'ura ka sake aunawa, wasiƙarsa ta fi nauyi nesa ba kusa ba. A sanar da shi wata guda kafin lokaci, a ba shi bayanin shirin, a tabbatar yana buɗe imel ɗinsa, domin ta nan ake turo masa mahaɗin, kuma wasiƙu da yawa a can suke mutuwa. Bayanin manufa, wato rubutun da mai nema ke gabatar da kansa da burinsa, shi ma haka. Al'adarmu ta kunya ta sa yabon kai yana mana nauyi, sai mutum ya cika shafi da matsalolin Najeriya da burin taimakon al'umma, bai faɗi abu ɗaya da ya yi da hannunsa ba. Abin da ake nema shi ne me ka yi, da su wa, me ya fito, wane kwas kake so, me ya sa a wannan jami'ar.

Me ya sa na ce maganar gwamnati ce? Domin ƙofofin gida suna rufewa. TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta dakatar da tura malamai karatu waje daga Janairun 2025, ta kafa hujja da tsadar canji da waɗanda ke tafiya ba sa dawowa. A shekarar kuma gwamnatin tarayya ta sanar da daina shirin BEA, na tura ɗalibai karatu waje bisa yarjejeniya da wasu ƙasashe, bayan an daɗe ana jin kukan ɗaliban da ke Rasha da Maroko da sauransu kan alawus da ba ya zuwa. Kano ta yi fice wajen tura ɗalibai da kuɗinta, tun zamanin Kwankwaso har zuwa mutum 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar a 2023, kuma an ga amfanin hakan a asibitoci da azuzuwa. Amma wannan tsari ne mai cin dala, yana kuma rayuwa ne da ran gwamnatin da ta kawo shi. Kuɗin da ake kashe wa mutum ɗaya a waje zai biya wa gwammai fasfo da jarrabawar Turanci, wadda kuɗinta ya haura alawus ɗin wata uku na ɗan hidimar ƙasa, su je su nemo tallafin da wata ƙasa za ta biya. Cibiyar EducationUSA ta gwamnatin Amurka, mai ba da shawara kan karatu a can, ta daɗe tana yin irin wannan ga 'yan kaɗan masu hazaƙa marasa hali. Babu abin da zai hana hukumar tallafin karatu ta jiha ta ware irin wannan asusu ga duk mai makin 3.50 zuwa sama da ya nuna shirin da zai nema.

Za a ce ai in sun tafi ba sa dawowa. Wasu kam ba sa dawowa. Amma Chevening da Commonwealth da Fulbright duk suna da sharaɗin komawa gida, kuma ko a inda babu sharaɗin, ba kuɗin jiha ne ya yi karatun ba. Abin da jiha ta sa shi ne kuɗin fasfo da na jarrabawa.

Ɗalibai mata suna da ƙarin lissafi. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, FLTA ma ba ta yarda ba, Chevening kuma ba ta ɗaukar nauyin miji ko 'ya'ya. Maganar amincewar iyaye ko miji, tun kafin a cike takarda ake yin ta, a nuna musu inda za a zauna da tsawon lokacin da wanda ke biya. Gurbin da aka samu sannan aka mayar saboda Baba bai yarda ba, ya fi wanda ba a nema ba ciwo.

Abin da nake nema daga jami'o'i bai wuce ɗaki ɗaya da ma'aikata biyu ba. Su fitar da kalandar guraben a watan Yuli, su zagaya azuzuwan aji uku su sa kowa ya jera takardunsa ya duba sunansa da ranar haihuwarsa, su karanta bayanin manufa kafin a tura, su shirya ganawar gwaji. Majalisar jami'a ta sa doka cewa takardar cikakken sakamako ba za ta wuce mako uku ba daga ranar biya, a kuma ba ɗaliban ajin ƙarshe ta wucin gadi, tunda wasu shirye-shiryen Erasmus Mundus na karɓar wanda bai kammala ba muddin zai gama kafin a fara karatu. Masu aikin ma ba sai an ɗauko su daga waje ba. Akwai malamai a tsangayoyinmu da suka ci Commonwealth ko DAAD ko Fulbright suka dawo, suna ba da wannan shawara a ofisoshinsu ga ɗaliban da suka yi sa'ar saninsu. A rage wa biyu daga cikinsu kwas ɗaya a zango, a rubuta sunan ofishin a ƙofa, a sa ranaku da awannin ganin ɗalibai.